Tsani da Ƙishirwa

Zuwa ga Malamina, hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, mai taurin kan da na zaɓa da hankalina garau ba wanda ya tura ni,

Ina gaishe ka da gaisuwar da ta daɗe a bakina har ta fara ɗaci, saboda an hana ni inda zan sauke ta. Yaya jiki? Yaya hannun? Mama ta ce ka fara riƙe cokali da hagu, kuma ka taka daga gado zuwa taga ba wanda ya tallafe ka. Na gode wa Allah, na yi murna, sannan na ji haushi, domin a bakin mahaifiyarka nake tsintar labarin mutumin da zobensa ke yatsana.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba, ka san halina. Jibi Asabar Yayanka zai zo wurin Babana ya ce ka janye maganar aurenmu. Baba ya riga ya faɗa mini inda ya tsaya: shi ba zai roƙi kowa ya auri 'yarsa ba, abin da Yaya ya zo da shi shi zai karɓa, a yi addu'a kowa ya kama gabansa. Ka kuwa san Baba, idan ya rufe magana ko da guduma ba a buɗe ta. Abin da ya rage mini ke nan gobe, da wannan takarda, da Mama da ta yarda za ta ajiye maka ita kusa da kofin shayinka.

Sau nawa na zo ƙofarku tun da aka sallamo ka? Mai shagon da ke ƙasan benenku har ya daina tambayata wa nake nema, sai dai ya ɗaga mini hannu yana girgiza kai, ni kuwa ba abin da na ƙi jini irin a tausaya mini. In hau matakala, in tsaya gaban koriyar ƙofar nan mai karkatacciyar lamba, in ji rediyonka daga ciki, in ji tarinka, sai Mama ta fito ta ja ƙofar a bayanta, kanta a ƙasa, ta ce mini, "'Yata, yau ma ya ce a'a." A'a kam ka iya ta, an ce ita ce ta fara dawo maka cikin duk kalmomin duniya. Rabona da fuskarka tun a asibiti, ranar da ka hango ni ka ja mayafi ka rufe gefen bakinka da ciwon ya karkatar. Haba, Malam. Ni za ka ɓoye wa baki? Me ka ɗauka na gani a jikinka na so? Wallahi ba kyau ne ya ja ni ba, don ko kafin ciwon nan kunnuwanka sun yi wa kanka yawa, na kuma faɗa maka a gaban idonka ka yi dariya.

Ina kewarka, sanyin idona. Ina kewarka har abinci ya daina yi mini ɗanɗano, har waƙar da muke so ta zo a rediyon shago in miƙa hannu in kashe. Ina tsaye kan teburin guga tun safe, tururi na dukan fuskata, abokan aiki suna ɗauka zufa ce nake sharewa, ni kuma na bar su a haka. Ina kewar ƙurar alli a hannun rigarka, da yadda kake gyara tabarau da bayan yatsa, da wannan "to, madalla" taka da kake ja kamar ba za ta ƙare ba. Wace irin zuciya gare ka da za ka ji takuna a matakala, ka san ni ce, ka bar ni in sauka?

Ka tuna abin da ya kai ni ajinka na yamma? Maigidan shagonmu na wanki da guga ne ya ce duk wanda bai iya karanta ɗan ƙyallen da ke wuyan riga ba, wanda ke faɗin a wanke da ruwan sanyi ko kada a sa dutsen guga, to ya nemi wani aikin. Na zo ina cika ina batsewa, na zauna a bencin baya tsakanin wani direban motar asibiti da wata dattijuwa mai sayar da ƙwai, na ce a raina in koyi abin da ya kawo ni in kama gabana. Sai ga ka da gwangwanin madara a hannu kana girgiza shi kamar mai tallar gyaɗa. Ka ce a ajinka ba a haddar jerin kalmomi. Kowa zai zura hannu ba tare da ya leƙa ba, ya zaro kati biyu, kowanne da kalmar Turanci ɗaya. Ya faɗi ma'anar wannan, ya faɗi ma'anar wancan, sannan ya nuna inda suka rabu. Direba ya ce wannan ai wasan yara ne, me ya haɗa kalmomin da ba su san juna ba? Ka ce masa mutum ba ya sanin kalma sosai sai ya zaunar da ita kusa da baƙuwa ya ga abin da ba ita ba. Ka gindaya sharaɗi biyu. Na farko, kada a ƙulla musu zumuncin ƙarya, idan ba abin da ya haɗa su a ce babu. Na biyu, wanda ya kasa ya miƙa katunan ga na kusa da shi, ba abin kunya ba ne, don haka aka yi benci da tsawo.

Ni na zaro *pillow* da *thunder*, matashin kai da tsawa. Na ce bambancinsu a fili yake, ɗaya yana sa barci, ɗaya yana tsinka shi. Ka yi dariya har allin hannunka ya faɗi ya karye, ka ce, "Mai guga, kin ƙulla musu zumunci ta bayan gida, amma na yafe." Tun daga ranar sunan ya bi ni. Da tafiya ta yi tafiya aka fara rakiya zuwa tashar mota, wai hanyarmu ɗaya, alhali daga baya na gano gidanku yana can wani gefen gari, sai ka juya ka taka da ƙafa bayan motata ta tashi.

To, shekaranjiya Mama ta kawo kayanka shagonmu. Akwai mai wanki a layinku, na sani, ta tsallake shi ta hau mota da ƙunshi a cinya don kawai ta gan ni, Allah ya saka mata. A aikinmu ba a jefa riga a ruwa sai an laluba aljihu, shi ne abin farko da ake koya wa sabon shiga. Na zura hannu a aljihun shuɗiyar rigarka, sai na ji takarda a dunƙule. Na warware ta. Kati biyu ne na gwangwanin nan, da rubutunka na da, mai tsaye kamar soja. Ɗaya *ladder*, ɗaya *thirst*.

Mama ta zauna a kan kujerar masu jira ta ba ni labari. Ta ce likita ya ce ka riƙa gwada furta kalmomi kullum, sai ka yi mata nuni ta ɗauko gwangwanin daga saman kabad. Ka zaro biyu. Ta ce ta ga a idonka ka san su sarai, amma bakin ya ƙi. Ka gwada, ka sake gwadawa, jijiyar wuyanka ta tashi, yawu ya zubo, sai ka yi jifa da gwangwanin ya daki bango, katuna suka watse har ƙarƙashin gado. Ta tsince sauran, waɗannan biyun ka hana ta, ka dunƙule su ka tura aljihu. Kuma a yammacin nan ne aka yi maganar janye aurenmu.

Ban ce aiko mini ka yi ba. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, mantawa ka yi da su a aljihu. Amma sharaɗi sharaɗi ne, kai ka kafa shi ba ni ba. Ka zaro, ka kasa, katunan sun zo hannun ta kusa da kai. Saboda haka gyara tabarau, Malam, ɗalibarka za ta amsa.

*Ladder* tsani ne. Na katako ko na ƙarfe, dogaye biyu da matakai a tsakani. Ana sayensa, ana aronsa. Mu a shago na mai gyaran fanka muke ara idan za mu sauko da barguna daga saman kanta, kullum sai ya yi mita wai mun dawo masa da shi da sabulu. Yana da nauyi, dogo sai mutum biyu. Ba ya tsayuwa shi kaɗai sai an jingina shi da bango, kuma mai hankali ba ya hawa sai wani ya riƙe masa gindin. Na riƙe wa mutane, an riƙe mini, ban taɓa ganin wanda ya sauko ya kasa haɗa ido da wanda ya riƙe masa ba. Godiya ake yi a mayar da tsani.

*Thirst* ƙishirwa ce. Ka san wahalar da na sha kafin in iya furta ta, harshe tsakanin haƙora kamar mai yi wa mutane gwalo, dattijuwar nan mai ƙwai har ta ce ita ba za ta yi wannan rashin kunyar da tsufanta ba. Ba a sayen ƙishirwa, ba a aronta, ba a ganinta. Ba ta da nauyin da za a ɗora a sikeli, amma tana kayar da ƙato. Mutum zai zauna kusa da kai a mota tana cin maƙogwaronsa, ba za ka sani ba sai in ya faɗa.

Inda suka rabu kuwa ga shi. Tsani yana waje, ƙishirwa tana ciki. Tsani wani zai riƙe maka, ƙishirwa ba wanda zai sha ruwa taka ta tafi. Tsani idan ka gama ka mayar wa mai shi ka manta, ƙishirwa taka ce, ta tafi ta dawo, ba ta da wani gida sai jikinka. Yini biyu ina guga ina juya su ko zan samo abin da ya haɗa su. Saura kaɗan in ce mai hawa tsani da tsakar rana ƙishirwa na kama shi, sai na ji muryarka a kunnena, na fasa. Babu abin da ya haɗa su, Malam. Ko a mafarki ba su san juna ba.

Kai kuma da ka koya mana rabewa, kai ne ka cakuɗa su.

Abin da ciwon nan ya ɗauke maka kashi biyu ne, ka tara su wuri ɗaya kana kallon tulin kana cewa ya fi ƙarfina. Sa maɓalli, sauka daga bene, yanka farce, zuwa asibiti, riƙe maka gwiwar hannu a bakin titi, duk wannan maganar tsani ce. Riƙewa ce kawai. Hannun da ke ɗaga jiƙaƙƙen bargo daga baho tun safe har yamma, shi ne zai gaji da maɓallin rigarka? Ka raina ni, kuma raina ya ɓaci. Ɗaya kashin kuwa, kalmar da ke tsaye a maƙogwaronka ta ƙi fita, da ajin da aka ba wani malami, da allon da kake mafarkin tsayawa a gabansa, wannan ƙishirwarka ce. Ba zan yaudare ka in ce zan sha maka ba. Ba zan iya ba, Mama ba za ta iya ba, likita ma iyakarsa ya nuna maka rijiya. Abin da zan iya shi ne in zauna a ɗakin da kake jin ta, kada ka ji ta kai kaɗai da bango.

Sannan ni fa? Ka taɓa tambayar kanka abin da ke hawo da ni benenku ana koro ni ina dawowa? An ce Yaya ya ce ni yarinya ce mai amana, tausayi ne ya riƙe ni, in an sake ni zan samu wani lafiyayye in gode musu daga baya. Tausayi! Ni da na bar maigidanmu ya yi ta neman tabaraunsa yini guda alhali yana kansa? Ƙishirwa ce ke kawo ni, masoyina, tawa ta kaina, kuma ba lafiyayyen da zai sha mini ita. Kai nake so. Kai da karkataccen bakin, kai da hannun da ya kwanta, kai da baƙin halin da ciwo ya ƙara wa gishiri. Idan an ce wannan hauka ne, to a bar ni da haukana, ban roƙi magani ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Na matsa wa Mama ta faɗa mini ainihin abin da ka ce a yammacin nan, da bakinka, ba yadda aka fassara ba. Ta ce ka kira su ita da Yaya, ka ce, "Ku gaya mata... ta... ta..." sai ka tsaya. Ka yi ta kokawa, gumi ya keto maka. Yaya kuwa, wanda ya kwana a kan simintin asibiti saboda kai, ba ya iya kallonka kana wannan fama, zuciyarsa ba ta ɗauka. Sai ya yi maza ya ce, "Ta haƙura? Ta nemi wani?" Kai kuma ka rufe ido. Shi ke nan, Yaya ya ce ya ji, ya tashi ya fara shirin zuwa gidanmu. Mama ta ce ita ta haife ka, amma har yau ba ta san ko e ce ka yi da idon nan ba, ko gajiya ce ta rufe shi. Ta ce duk lokacin da ta sake ɗauko zancen sai ka juya wa bango fuska.

Ka ji fa. A kan rabin magana za a warware mini aure. Ta me, Malam? Ta zo? Ta jira? Ta daina zuwa da yamma don unguwar ba ta da fitila? Ta tafi? Na ƙarasa maganar nan ta kowace fuska, a kan teburin guga, a cikin mota, a gaban tukunya, wata in yi murmushi, wata in share hawaye. Ba na zargin Yaya, ƙauna ce ta sa ya ari bakinka ya ci maka albasa. Duk gidan haka suke yi maka, na sani. Ka ce "ru" a kawo ruwa, ka ce "ta" a buɗe taga. Sun ɗauka sauƙi suke yi maka. Ruwa da taga an yafe, amma ni ba taga ba ce.

Akwai ranar da ban taɓa ba ka labarinta ba. Ka tsayar da ni in karanta jimla a allo, na kai tsakiya na kafe. Kunya ta rufe ni. Direba ya buɗe baki zai faɗa mini, sai ka ɗaga masa hannu ba tare da ka ko kalle shi ba. Aji ya yi tsit, ba a jin komai sai kukan fanka. Ka jingina da tebur ka harɗe hannu kamar wanda ba shi da wurin zuwa a duniya, ka jira ni. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san na fito da kalmar da kaina, a gurguje, a karkace, amma tawa ce. Ba wanda ya taɓa jirana haka, ko a gidanmu. Ranar na so ka, tun kafin rakiya, tun kafin zobe.

Saboda haka ga roƙona, guda ɗaya ne, kuma ba na neman rangwame. Gobe na ɗauki hutu a shago. Da hantsi, bayan Yaya ya tafi aiki, zan zo. Mama ta ce za ta bar ƙofar a sake ta shiga wurin maƙwabta. Zan ja kujera in zauna. Idan ba ka son in ga bakinka, zan juya in fuskanci taga, kunnena kawai nake buƙata. Sai ka ƙarasa maganar nan da ka fara. Ba zan taya ka ba. Ko harafi ɗaya ba zan ɗora maka ba, ko na gane inda ka dosa, ko zuciyata za ta fashe. Ba zan karɓi rufe ido ba, ba zan karɓi gyaɗa kai ba. Idan za mu kai la'asar mu kai, idan magariba ce ta same mu ta same mu.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Mai yiwuwa Yaya daidai ya canka. Idan abin da ya fito shi ne in tafi, na rantse ba zan yi maka gardama ba, ba zan yi kuka a gabanka ba. Da hannuna zan zare zoben in ajiye a kan tebur, in sauka, in je in gaya wa Baba da kaina, a hutar da Yaya tafiya. Zai zama kai ka sallame ni, kuma zan iya ɗaukar wannan, ko da zai karya ni. Idan kuwa wani abu ne daban, to aiki ya same ka, don da bakin nan dai za ka tsayar da Yayanka kafin safiyar Asabar, ni kuma zan tsaya a bayan kujerarka in ɗaga masa hannu duk lokacin da ya yi yunƙurin ƙarasa maka.

Kome ka faɗa, ka sani zobe kawai kake da ikon karɓa. Abin da ke ƙirjina ba ya zaruwa, na gwada a kwanakin nan da haushinka ya cika ni, ya ƙi. Kai ne farkon wanda na so, kuma ban bar wa wani wuri a bayanka ba, da lafiya da ciwo, da magana da shiru, har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Ka kwanta da wuri, ka tara numfashi. Ina zuwa, kuma ba sauri nake yi ba.

Taka, yau da gobe da abin da Allah ya ƙaddara bayansu,

Mai gugarka